Loto

Ƙarfe takwas ta gota a Taminus.
Oga Dalyop ya ja rabin ƙofa ya tafi,
ya bar ni da janareta mai sauran lita ɗaya
da shafi tara na aikin wata ɗaliba, Kangyang,
wadda ta ce da sassafe za ta zo karɓa.

A shafi na huɗu na ci karo da kuza.
Na san ta. Wa ya tashi a Gangare bai san ta ba?
Amma hannu ya riga ni,
ya kai kibiya kan ɗan koren littafin nan na kusurwa,
ƙamus ɗin da wani ya zuba wa kwamfutar
tun kafin a ɗauke ni aiki.

Harafi huɗu. Ko ƙiftawa ban yi ba:
suna; wani ma'adini da ake haƙowa a ƙasa,
a narka, a shafe gwangwani don kada ya yi tsatsa.
Layi biyu, sai aya.

To, ba ƙarya ya yi ba.
Sai dai bai ce kwano ya cinye wa Baba Cindo
gashin tsakar ka tun yana saurayi ba.
Bai ce tari ba,
irin wanda ke tashin gida kafin ladan.
Bai ambaci tafkunan hanyar Bukur ba,
masu koren ruwa, kwance lamo
kamar ba su taɓa haɗiye ɗan kowa ba.

Na goge. Na ce bari in gwada shi da ta cikin gida.

Loto.

Haka tsohon ke faɗa yana ɗaure igiya a kafaɗa:
na tafi loto,
in dare ya yi a rufe mini tuwo.
Rami ne da mutum ke haƙa wa kansa
bayan kamfani ya naɗe tabarma ya tafi,
bakinsa kamar rijiya,
zurfinsa sai inda igiya ta tsaya.

Na ɗauka zai ce bai sani ba.
Har na shirya masa dariya.
Sai ya ce:
loto, suna; lokaci.
Duba loto-loto.

Na janye hannu.
Waje ana ta kiran Faringada, saura mutum ɗaya,
mai shayi na jan ruwa daga kofi zuwa kofi,
ni kuwa ina kallon kalma guda
da ta tsaya mini a wuya kamar ƙashin kifi.

Ashe shekara talatin
abin da yake gaya mana ke nan a bakin zaure.
Na tafi lokaci.
Muna cewa a dawo lafiya.
Ran Larabar da bai dawo ba
Inna ta ɗumama tuwon har sau biyu,
na uku ta ba almuru baya ta zauna.

Can ƙasa akwai wani ɗan akwati:
ƙara ma'ana.
Ban taɓa lura da shi ba.
Na sa lamba biyu, na fara:
a Jos, rami ne wanda…

Wanda me?
Wanda ya biya mini kuɗin firamare?
Wanda ba a yi masa murfi ba har yau?
Ƙamus ba ya son dogon zance,
ni kuma gajeren ya ƙi zuwa.

Janareta ta yi tari.
Na san wannan tarin.
Na yi maza na adana aikin Kangyang,
don nata na kuɗi ne, an ba da rabi.

Fuskar kwamfutar ta yi baƙi.
A cikinta, da hasken fitilar mai shayi,
goshina ne, da kunnuwan nan nasa
da Inna ke cewa ni kaɗai na ɗauko.

Na lalubi biro.
A bayan rasit na rubuta loto, na sa lamba biyu,
na ninke, na tura aljihu.
Saura shafi biyar.
Gobe in an kawo wuta.